Mukullin da Mikail Ya Bari a Zaitawa

Ranar Talata, 13 ga Agusta, 2002, wadda ta yi daidai da 4 ga Jimada Sani, 1423, Allah Ya karɓi ran Injiniya Mikail Isyaku Zaitawa, bayan ciwo ya kwantar da shi makonni uku. Ni ban ji ba sai ranar Alhamis. Ƙanwata Hajo ce ta same ni ta wayar ofis, a nan Gaborone ta ƙasar Botswana inda nake koyarwa shekara bakwai ke nan. Layin yana ta katsewa, sai da ta maimaita sau uku kafin na gane sunan wa take faɗa. Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na ajiye kan waya, na koma aji na ƙarasa darasin da na bari, domin ba ni da wanda zan gaya wa. A garin nan babu wanda ya san ka, Mikail. An yi maka salla a ƙofar gidanku, an kai ka maƙabartar Ɗandolo, an dawo an shimfiɗa tabarmi ana karɓar gaisuwa, ni kuwa ina nan ina duba takardun jarrabawar 'ya'yan wasu.

Ba zan rubuta maka irin ta'aziyyar da ake cewa “tun da muke ba mu taɓa saɓawa ba.” Mun saɓa. Shekara bakwai ban yi maka magana ba. Wasiƙarka ta ƙarshe, wadda ka rubuto a watan Yuni, tana cikin aljihun teburina ban amsa ba. Abu guda ka roƙe ni a cikinta: in dawo gida in karɓi mukullin tashar lantarkin da muka zana wa jami'a tare. Tun ranar Alhamis ɗin nan nake jujjuya wannan roƙo. Abin da nake rubutawa yanzu shi ne amsar da ya kamata ka karanta da idonka.

Saboda masu karatun da ba su san mu ba, bari in ɗan koma baya. Tare muka tashi, kai a Zaitawa, ni a Mandawari. Makarantar allo ɗaya, firamare ɗaya a Gwale. Kakanninka fataken Larabawa ne da suka zo daga Gadamus suka zauna, mahaifinka yana da rumfar turare da yadi a Kurmi, ya so ƙwarai ka gaje shi. Kai kuwa da ya juya baya sai ka kwance masa rediyo, ka baza kayan cikinta a kan buzu. Ina kiran ka Balaraben da bai iya ciniki ba, kai kana kira na Sarkin Fushi. Mahaifiyarka, Hajiya 'Yardada, ba ta taɓa zuba maka gurasa ba tare da ta ware tawa ba, ko ina nan ko ba na nan. Tare muka tafi Zariya muka karanto injiniyancin lantarki, tare aka ɗauke mu a sashen ayyuka na jami'a a 1984.

A wancan lokacin wutar jami'ar duka a ɗaki ɗaya take. Ɗaki ne mai hannayen ƙarfe guda takwas a jikin bango, kowane hannu yana ba wani sashe wuta. Idan wutar gari ta yi rauni, ko aka ɗauke ta aka koma kan janareta, ba ta isar kowa, dole a kashe wa wani. Mai kashewar shi ne Baba Tanko, tsohon ma'aikacin lantarki wanda ba shi da takardar shaida ko ɗaya, amma da hannunsa aka binne yawancin wayoyin wurin. A gefensa akwai baƙar tarho. Wannan tarho ita ce ainihin mai raba wuta a jami'ar. Da an ɗauke wuta sai ta fara ƙara. Wane na da baƙi, wane na fama da hawan jini, matar wane ta haihu. Kuma babu wanda ke bugowa da tsawa. Da sallama ake farawa, a tambayi iyali, a kira mutum da sunan ubansa, sannan a ce, “Don Allah a ɗan taimaka.” Mu kuwa an tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a kallon idon babba a ce masa a'a.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, yau zan rubuta shi inda kowa zai gani. Wata Juma'a a bazarar 1991 ni ne injiniyan da ke bakin aiki. Wani babban malami ya bugo, ya ce baƙi sun zo masa daga nesa, gidan ya zama tanda. Mutumin nan shi ya tsaya mini na sami aiki, shi ya karɓa mini aure. Na ce, “To, ranka ya daɗe.” Na sa Baba Tanko ya ɗauke wutar layi na uku ya mayar gidajen manya, na ce awa biyu kawai. Na tafi masallaci, daga can na wuce gida, na manta. A kan layi na uku akwai ɗakin gwaje-gwajen Dokta Safiya, wadda ta shekara uku tana bin ƙauyuka tana tara jinin yara masu amosanin jini, tana ajiyewa a firiza. Ranar Litinin ta shigo ofishinmu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye wata 'yar kwalba a kan tebur ta ce, “Wannan jinin wata yarinya ce daga Ɓagwai. Bara ta rasu. Ku gaya mini inda zan sake samo shi.”

Baba Tanko aka ba takardar tuhuma. Ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu, bai ambaci sunana ba, ni ma ban ambaci kaina ba. Bayan shi, kai kaɗai ka sani, domin ka duba littafin aiki ka ga wanda ke nan ranar. Ba ka tona ni ba, ba ka kuma yi mini wa'azi ba. Dokta Safiya, Baba Tanko, in wannan rubutu ya iso gare ku, ni ne. Ku yafe mini don Allah.

Abin da ka ce mini kawai shi ne, “Zo gida ranar Asabar, akwai aiki.” A zauren gidanku muka fara, kowace Asabar daga la'asar zuwa magariba, kusan shekara uku. Ka sa aka ƙera dogon tebur da ya cinye rabin zauren, har masu shiga gida sai sun karkace. Matarka Bahijja tana aiko mana da shayi tana cewa a gaya wa Turawan zaure kada su ɗiga a kan takardar gwamnati. Abin da muka zana tasha ce mai sarrafa kanta. Layi biyu za su shigo mata daga gari ta hanyoyi daban-daban, in ɗaya ya faɗi ta koma kan ɗayan kafin fanka ta tsaya. In duka biyun suka faɗi ta tayar da janareta da kanta. In wutar ba ta isa kowa ba, ta rage bisa jerin da aka rubuta mata, ba bisa wanda ya fi iya gaisuwa ba. Asibiti da ɗakunan gwaje-gwaje su ne ƙarshen waɗanda za a taɓa, sai laburare, sai ɗakunan kwanan ɗalibai. Gidajen ma'aikata su ne farkon yankewa, a fara daga na manya. Ni na rubuta wannan jeri da hannuna, kuma ina alfahari da shi. Na cire tarho daga zanen gaba ɗaya.

Zamanin soja ne, fayil ɗinmu ya yi ta yawo daga tebur zuwa tebur har bangonsa ya yage muka sake masa wani. Amma ba wannan ya raba mu ba. Wata Asabar a farkon 1995 na zo na tarar ka ƙara wani ɗan akwati a gefen zanen.

Na ce, “Wannan fa?”

Ka ce, “Wurin mukulli ne. Ranar da na'ura ta yi kuskure, a sami hannun da zai karɓe ta.”

“Na'ura ba ta kuskure. Mutane ke yi.”

“To jerin da take bi wa ya rubuta mata? Aljani?”

Na ce duk inda aka bar mukulli, an bar ƙofar roƙo, kuma shekara uku muka yi a banza. Ka ce Baba Tanko ya gaya maka layi na shida ba shi kaɗai yake tafiya ba, akwai wata waya da suka ja daga jikinsa tun kafin a ɗauke mu aiki, ya manta inda ta nufa. Na buɗe taswira na nuna maka babu ita. Ka ce, “Taswirar gaskiya tana kan tsohon nan, wannan ta ofis ce.” Na ce ban yi shekara biyar a Zariya don in zo in ɗauki darasi wurin mai filaya ba. Wallahi haka na faɗa, a kan mutumin da ya ɗauki laifina.

Sai ka ajiye fensir ka dube ni. Ka ce, “Ɗalha, kai ba tasha kake son ginawa ba. Katanga kake son ginawa tsakaninka da kunyarka.”

Na tashi na sa takalmi. Ban shiga na yi wa Hajiya 'Yardada sallama ba, abin da ban taɓa yi ba tun ina yaro. Bayan wata biyar na bar ƙasar. Na gaya wa mutane albashi ne da mulkin soja suka kore ni, kuma akwai gaskiya a ciki, domin a lokacin injiniya guda ba ya iya sauya tayar motarsa sai ya yi shawara da matarsa. Amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Maganarka ce ta kore ni, don ta sami wurin zama.

Da farar hula suka karɓi mulki a 1999, na kalli bikin a talabijin a nan, ban tafa ba. Na ce an dai tuɓe kaki an sa babbar riga, jikin na nan yadda yake. Har yau ban janye wannan magana duka ba. Amma adalci ya sa in faɗa: a wannan zamanin ne aka zaro fayil ɗinmu daga ƙarƙashin tari, aka ce a gina. Ka rubuto mini ka ce in zo mu yi tare. Na karanta, na ninke. Ka rubuto da aka zuba harsashi. Ka rubuto da wani ɗan kwangila ya kawo tsohuwar taransfoma ya shafe ta da sabon fenti, ka kankare fentin da wuƙar yankan farce a gabansa, ya zo maka gida da rago da dattawa biyu, ka ba su ruwa, ka raka su har mota da ragonsu. Ka rubuto da aka kunna tashar a Janairun 2001, ka aiko da hoton zanen da aka manna a bango, sunanka da nawa a ƙasa, nawa ne ma a sama. Wasiƙa tara. Duk na karanta, wasu har na haddace. Ko ɗaya ban amsa ba.

Mukullin kuwa ka sa shi, kamar yadda ka ce. Guda ɗaya tak aka yi, hukumar jami'a ta damƙa maka shi, ka ɗaura masa igiya ka rataya a wuya a ƙarƙashin riga. Abin da na yi hasashe kuma ya faru: roƙon da ake kai wa tarho ya koma kanka. A ofis, a masallaci, a wurin ɗaurin aure, har zauren Zaitawa ake bin ka. Mijin Hajo, wanda ke aiki a laburare, ya ba ni labarin wani farfesa da zai aurar da 'yarsa. Ranar kamu wuta ta yi rauni, na'ura ta yanke gidajen manya. Ya aiko, ka ba da haƙuri. Ya zo da kansa da rawani, ya ce, “Mikail, ni ne fa.” Ka durƙusa har ƙasa ka ce, “Ranka ya daɗe, na san kai ne. Na'urar ce ba ta sani ba, kuma in na gabatar mata da kai yau, gobe sai na gabatar mata da kowa.” Ya tafi yana faɗa. Kafin ya isa gida ka ɗora janaretan gidanka a bayan akori-kura, ka kai, ka haɗa da hannunka, ka zauna a kan benci kusa da shi cikin hayaƙi har mata suka watse. An ce da aka kawo maka abinci ka ce a ƙara nama, ai kai ne hukumar lantarki yau. Iyalinka kuwa a ranar da mafici suka yini.

Ba kowa ya ɗauki abin da dariya ba. Akwai waɗanda suka daina amsa gaisuwarka. Akwai wanda ya sa aka riƙe maka ƙarin girma. Wani sabon mai muƙami, daga cikin waɗanda siyasa ta kawo majalisar gudanarwa, ya ce a taro wai an ba ɗan tireda mukulli ya ɗauka sarauta ce. Duk wannan ba a wasiƙunka na ji ba. A wasiƙunka sai labarin taransfoma da gaisuwar yara.

Sau ɗaya ka murɗa mukullin nan, kuma saboda ni ne. A Afrilun 2001, tsakiyar zafi, wutar gari ta yi kwana tara ba ta da ƙarfi. Na'ura ta bi jerina daidai, ba ta kauce ko taku ɗaya ba: kullum bayan gidajen manya sai ta yanke layi na shida, na ƙananan ma'aikata. A kwana na uku tankunan ruwan ɗalibai suka ƙafe. Aka rasa dalili, domin a taswira injin tura ruwa yana kan layin asibiti. Ɗalibai suka fara sayen ruwan garuwa, gudawa ta ɓarke a ɗakunan 'yan mata, shugabannin ɗalibai suka fara taruwa a bakin ofishin shugaba. Ka hau babur ka tafi har gida ka ɗauko Baba Tanko, wanda ya riga ya yi ritaya. Ya tsaya a bayan gidajen masinjoji ya dudduba, sannan ya nuna gindin wata darbejiya da sandarsa ya ce a haƙa nan. Aka haƙa, ga wayar. Ita ce wadda ya ce ba ya tuna inda ta nufa. Injin ruwan jami'a duka a kanta yake. Ka zaro mukulli daga wuyanka ka karɓe tashar da hannu, ka ba layi na shida wuta, ka tsaya a kanta kwana shida kana raba wuta da kanka har aka ja wa injin ruwan layinsa daban.

Da babu ɗan akwatin da na yi fushi a kansa, da sai an rufe makaranta, ko a ɗauki gawa. A rahoton da ka rubuta wa hukuma, wanda ka aiko mini da kwafinsa ba tare da ƙarin kalma ko ɗaya ba, ka ce “kuskuren da muka yi wajen tsara jeri.” Muka. Na daɗe ina kallon wannan kalma. Daga baya ka sa aka ɗauki Baba Tanko aikin wata guda, kuka zagaye jami'ar da ƙafa yana nunawa kana zanawa, ka rubuta sunansa a ƙasan sabuwar taswirar a inda ake rubuta sunan injiniya. Ka kuma bi ofis-ofis har aka cire tsohuwar takardar tuhumar nan daga fayil ɗinsa, ba tare da ka ce ga wanda ya cancance ta ba.

Kada a ce don ka mutu na mayar da kai waliyyi. Kana da taurin kai irin na jakin fatake. Ba ka iya isa wuri a kan lokaci ba. Kuma har gobe ina ganin ka yi ganganci da ka bar amanar wuri guda a wuyan mutum guda, ka ƙi koya wa tsarin yadda zai rayu ba kai. Na faɗa maka ƙofar roƙo ce, kuma ita ce. Bambancin kawai, kai ka tsaya a bakin ƙofar da jikinka. Ni kuwa na gudu inda babu mai roƙo na.

Ga abin da ka rubuto a watan Yuni, da rubutun da ya fara karkacewa:

“Sarkin Fushi, likita ya ce hanta ce, kuma ya faɗa da irin muryar da ka sani. Na yi magana da shugaban jami'a, ya ce kujerarka tana nan in ka iso kafin ƙarshen shekara, kuma ya yarda mukullin ya jira ka. Ba don ka fi sauran ilimi na zaɓe ka ba, akwai yara a sashen nan da suka fi mu. Amma su ba su taɓa ganin abin da ‘to’ guda ɗaya ke jawowa ba. Kai ka gani. Maganar da na faɗa maka a zaure gaskiya ce, amma ban faɗe ta da kyau ba, ka yafe mini.”

Na ce zan amsa in an gama jarrabawa. Na ɗauka ciwon irin wanda ake shekara ana fama da shi ne. Na ɗauka akwai lokaci, kamar yadda na ɗauka awa biyu ce kawai.

Ranar Asabar na sami Hajiya Bahijja a waya don in yi mata gaisuwa. Na ce, “Hajiya, ya haƙuri?”

Ta ce, “Haƙuri mun gode Allah. Wa ke magana?”

“Ɗalha ne.”

Ta ce, “Ashe kana da murya, Malam Ɗalha. Mu mun ɗauka can ƙasar ba a sayar da biro.”

Na ce Allah Ya jiƙansa. Ta ce amin. Sai ta gaya mini ranar addu'ar uku wasu mutum biyu daga jami'a sun zo da manyan riguna. Aka shafa fatiha, ba su ko bari tabarma ta huce ba suka ja ɗanka Anas gefe suna tambayar ina mukulli. Ta aika musu cewa yana ɗakinta, ita kuma tana takaba, ba ta ganin maza, ba ta fita. In wata larura ta gaske ta taso, shugaban jami'a ya san gidan, ya aiko da rubutu da hannunsa.

Ta ce, “Ka ga dai babu mai rawanin da zai shigo ɗakin mai takaba ya ce a ɗan taimaka. Amma wata huɗu da kwana goma ne, ba shekara bakwai ba. Ranar da na fita, in ba ka zo ba, zan aika musu da abinsu, don ba gadonmu ba ne. Ni dai na sauke abin da ya ɗora mini. Saura kai.”

Na lissafa. Takabarta za ta ƙare kamar mako biyu bayan ƙaramar Salla.

Mikail, na gaji. Ba na ɓoye maka. Gwiwoyina sun fara ciwo, ina shan maganin hawan jini. A nan ba a ɗauke wuta, albashi yana zuwa ranar da aka ce, babu wanda ya san ubana balle ya kira ni da sunansa. 'Ya'yana sun saba, ƙaramin ma Hausarsa sai a hankali. Ban yarda da waɗanda ke mulki a gida ba, na kaki da na babbar riga. Na san abin da ke jira na: fayil da ba ya motsi, gaisuwar da ba a amsawa, da ranar da wani zai ce a taro an ba ɗan gudun hijira mukulli. Ba ni da haƙurinka, ba ni da dariyarka, janaretan da zan ɗora a akori-kura ma ba ni da shi.

Abin da ya fi duk wannan tsorata ni shi ne, malamin da ya bugo mini waya a 1991 yana nan da ransa. Ya tsufa, yana nan a gidansa na jami'a, a kan layin da na'ura ke fara yankewa. Har yau ina ganin girmansa, kuma ya cancanta, domin bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, bai ma san abin da roƙonsa ya jawo ba. Na san bazara za ta zo, na san zai aiko. Kwana uku ina tambayar kaina ko bakin da ya ce “to” a wancan karon ya koyi wata kalma. Ban sami tabbas ba. Ina ganin kai ma ba ka da tabbas lokacin da ka rubuto, ka dai rubuto.

Ranar Litinin na kai wa shugaban sashenmu takardar barin aiki. Ya tambaye ni ko an yi mini wani abu ne, na ce a'a, kira aka yi daga gida. Zan ƙarasa zangon karatu, in Allah Ya kai mu in yi Salla a Mandawari. Daga filin jirgi Ɗandolo zan fara zuwa, Anas ya nuna mini inda kake. Daga nan in je in durƙusa gaban Hajiya 'Yardada in karɓi faɗan da na shekara bakwai ina gudu. Sannan, kafin in taɓa mukullin, zan je gidan malamin nan da ƙafata, in gaishe shi yadda ɗa ke gaida uba, in gaya masa tun bai roƙa ba cewa ba zan iya ba. In na fita daga wannan zaure ban ce “to” ba, zan zo Zaitawa in karɓa. In na kasa, zan faɗa wa shugaban jami'a da bakina ya nemi wani, ba zan ɗauki amanarka in kai ta kasuwa ba. Iyakar alkawarin da zan iya yi ke nan ba tare da na yi maka ƙarya ba.

Yafiyar da ka nema kuwa, babu abin yafewa, amma tunda ka nema, na yafe duniya da lahira. Tawa ce ban san inda zan kai ba yanzu, sai wurin Allah.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarmu Hajiya 'Yardada, wadda Allah Ya jarraba da binne ɗa a tsufanta. Allah Ya sanyaya mata zuciya. Ga Hajiya Bahijja, da Anas, da Mukhtar, da Nana Khadija, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya zama gatanku, Ya sa albarka a bayansa. Ga 'yan'uwa da maƙwabta na Zaitawa, da 'yan kasuwar Kurmi abokan mahaifinsa, da ma'aikatan sashen ayyuka, manya da ƙanana, har da waɗanda suka daina amsa gaisuwarsa, Allah Ya ba mu haƙurin rashi baki ɗaya.

Ya Allah, bawanKa Mikail ya zo gare Ka. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya. Duk ɗalibin da ya yi karatu a hasken da ya tsare, duk majinyacin da aka duba, duk wanda ya sha ruwa, Ka sa ladan a mizaninsa. Ka haɗa shi da magabatansa na gari a Aljannar Firdausi. Mu da muka rage, Ka ba mu ƙarfin riƙe abin da aka bar mana, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Hajiya Bahijja, a ci gaba da ajiye shi. Ina tafe.

Ɗalha Nata'ala Mandawari
Gaborone, Agusta 2002